Karkatacciyar Matakalar Direba

Litinin, da hantsi

'Yata Auta ce ta ce in riƙa rubutu. Wai na cika mata kunne a mota, gara in zuba wa takarda. To, ga shi ina zubawa.

Abin da ya faru waccan Larabar ba zan rubuta shi ba. Na faɗa wa likita, na faɗa wa wani likitan, na faɗa wa ƙannen maigidana a waya har yawun bakina ya ƙafe. Shimfiɗar ƙofar banɗakin dai na jefar da ita.

Baban Auta yana asibiti, a gadon da ke kusa da taga. In an ba shi abinci yana ci. In ka tsaya ta hagunsa yana kallonka. Hannunsa na dama kuwa yana kwance kan bargo kamar wani ne ya manta da shi a wurin. Mutumin da ya ƙare rayuwar aikinsa yana tuƙa jirgin ƙasa, wanda in yana waya a falo sai maƙwabta sun san labarin, yau ko tari mai ƙarfi babu.

Na tambayi likita ko yana gane mu. Ya ce, "Mama, ba mu sani ba tukuna." Tun jiya nake juya wannan tukunar a raina.

Talata, da yamma

Bai ce komai ba.

Laraba, da rana

An turo mana wata mata mai koya wa marasa lafiya magana. Auta ta sa mata suna Malamar Baki. Ta zo da katuna masu hotuna, kofi da kyanwa da kujera. Ta ɗaga guda ta ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya dube ta, ya dubi kyanwar, ya juya fuska bango. Ni dai ban ga laifinsa ba, ko da lafiyarsa ba ya shiri da kyanwa.

Ta ja mu waje ta ce, "Mama, ki kawo masa wani abu daga gida. Ba hoto ba. Abin da hannunsa ya sani."

Ni da Auta muka haɗa ido. Mun san ɗakin da ake nufi.

Tun da ya ajiye aiki ya mayar da ɗan ɗakin bayan kicin wurin haɗa ƙananan jiragen ƙasa, kowanne bai wuce tsawon kamu ɗaya ba. Kayan suna zuwa a kwali, gutsi-gutsi, na wata roba mai tauri launin toka da suke kira rezin. A mazubi ake zuba ta ta daskare. Shi ke gogewa, ya liƙa, ya yi fenti. Wanda yake kai yanzu shi ne injin jirgin da ya fi daɗewa yana tuƙawa, wanda yake kira Tsohuwa. Dokar ɗakin biyu ce: ba a shiga, ba a ɗaga labule. Na sha ce masa tsoho da kayan wasa, shi kuma ya ce in je in ji da keken ɗinkina.

Alhamis, da safe

Labulen a ɗage yake. Ni na ɗaga shi, makon da aka kwantar da shi, don warin gam da fenti ya fita, na kuma manta.

Rana ta yi kwanaki tana dukan teburin. Rufin Tsohuwa, da bai riga ya liƙa ba, ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Dogon faifan gefe da ake takawa ya murɗe. Bangon ɗakin direba ya yi ciki. Na zauna kan kujerarsa. Abu guda aka ce in kawo wa bawan Allahn nan, shi ma na gasa shi.

Alhamis, bayan azahar

Na kira Mai Agogo. Abokinsa ne, mai gyaran agogo, tare suke wannan haukan na jirage. Kunnensa ya yi nauyi, don haka yana zaton na kowa ma haka ne.

"Maman Auta! Yaya jikin Direba?"

"Da sauƙi."

"Iye?"

"Na ce da sauƙi!"

Na gaya masa ɓarnar da na yi. Na zaci zai yi salati, sai na ji yana dariya.

"Kada dai ki ce za ki miƙe shi a bushe, ƙas zai karye. Ɗora ruwa. Kada ya tafasa, da kin ga ƙananan kumfa a gindin tukunya ki sauke. Kwano biyu, na zafi da na sanyi. Kama da hantsaki ki tsoma a na zafi, ki zuba ido. Rezin yana tuna yadda aka zuba shi."

"Tunawa kuma? Roba ce fa, Malam."

"Iye?"

"Na ce roba ce!"

"Ke dai gwada. In ya koma daidai ki jefa a na sanyi."

Juma'a, da hantsi

Ikon Allah.

Da rufin na fara. Na tsoma, na zuba ido, babu abin da ya faru, har na fara zagin Mai Agogo a zuci. Sai gefe ɗaya ya motsa. Wallahi ban taɓa shi ba. A hankali ya buɗe, kamar mutum yana miƙa bayan barci, ya buɗe, ya buɗe, sai ya tsaya cak a daidai ɗan doron da rufin jirgi ke da shi. Bai wuce ba, bai gaza ba. Wa ya gaya masa nan ne wurin tsayawa?

Na ɗago shi yana da laushi kamar kunnen jariri. Na sa a ruwan sanyi, na fito da shi, na ƙwanƙwasa da farce, ya yi ƙara. Na ɗauki gilashin Baban Auta mai ƙara girman abu na duba. Ashe akwai kawunan ƙusoshi a jikin rufin nan, jere reras, kowanne bai kai ƙwayar yashi ba, kuma babu wanda ya narke. Akwai 'yar ƙofa da mariƙinta. Shekara da shekaru irin abin nan yana bayan kicin ɗina ban taɓa sunkuyawa na kalla ba.

Na yi ɗinki tun ina budurwa. Na san yadi yana bin dutsen guga, amma ni ke nuna masa inda zai bi. Wannan babu mai nuna masa. Zafi kawai yake jira.

Faifan gefe ya warware murɗarsa ina kallo. Na yi ta cewa subhanallahi ni kaɗai a kicin.

Akwai tunanin da ya zo mini ina tsaye kan kwanon. Ba zan rubuta shi ba.

Asabar, da yamma

Na jiƙa tawul da ruwan ɗumi na naɗe masa hannun dama. Na daɗe ina riƙe da shi. Da na buɗe, yatsun suna nan a dunƙule yadda suke. Nas ta gan ni, ta yi kamar ba ta gani ba.

Bai ce komai ba.

Lahadi, bayan la'asar

Mun yi faɗa da Auta a mota. Likitoci sun fara maganar sallama, ita kuma tana so a kwashe ɗakin jirgi a sa masa gado, wai ya fi kusa da banɗaki.

"Umma, ki shirya ranki. Wataƙila haka zai zauna."

"Haka yaya?"

"Kin san abin da nake nufi. Ko ni bai gane ni ba."

"Wa ya ce miki?"

"Wa ya ce miki ya gane?"

Na ce ta tsaya in sauka. Ba ta tsaya ba. Muka isa gida kowa na share hanci. Yarinyar nan ta rame, sai yau na lura. Gaskiyarta ce ta fi ba ni haushi.

Litinin, da safe

Na gama duk abin da ke kan tebur. Na ƙware, har ina gane zafin ruwa da tururinsa kawai.

A aljihun tebur na tarar da wani ɗan gwangwani, ciki an shimfiɗa auduga. Kan audugar ga 'yan ƙananan kaya a kwance kamar ƙwai: matakalar hawa ɗakin direba, mariƙin ƙofa, da ƙahon da jirgi ke busawa. Duk a karkace. Matakalar ma ta fi muni, takin ƙasan ya lanƙwashe ya yi ciki ya kuma kalli gefe. Na ce kai, wannan rana da naci take, har cikin gwangwani ta bi su.

Na tsoma su ɗaya bayan ɗaya. Matakalar ta fi kowanne kyan kallo. Ta yi 'yar rawa a cikin ruwan, ta saki jiki, ta miƙe sambal. Na jera su kan audugar kamar yau aka fito da su daga kwali.

Gobe zan kai masa. Na ji daɗi yau, na daɗe ban ji irinsa ba.

Talata, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Na kai Tsohuwa a kwalin takalmi. Malamar Baki tana nan, Auta tana nan. Na ɗora jikin jirgin kan teburin cin abincinsa, na ɗora rufin a kai. Ya kalla. Ya daɗe yana kallo. Hannunsa na hagu ya taso ya shafa rufin da ɗan yatsa, daga gaba har baya. Auta ta kama hannuna ta matse.

Sai na buɗe gwangwanin, ina ta washe baki. Na ce, "Ka gani? Duk na gyara maka."

Ya leƙa. Ya ɗauki matakalar, ya kai ta kusa da ido, ya juya ta. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya buga gadon da hannu har rufin ya zame. Bakinsa ya yi ta kokawa, wani sauti na fita mai ban tsoro, nas ta shigo da gudu. Sai ya juyo ya kalle ni, ni ɗin nan, ba bango ba, ya ce:

"Ke!"



"Ke fa... kin... ɓata!"

Muryar ta shaƙe, rabin bakin ne ke aiki, amma tasa ce. Irin wadda yake yi mini in na wanke masa kofin da yake jiƙa burushin fenti. Auta ta durƙusa ta fashe da kuka. Ni kuwa dariya ta ƙwace mini, ina yi hawaye na zuba, shi kuma yana ƙara hasala yana nuna mini matakalar. Ya san ni. Ya san kayansa. Ya san an taɓa masa su, kuma ya san wace mai karambanin ce za ta taɓa.

Malamar Baki ta ce, "Mama, ban san me kika ɓata ba, amma Allah ya yi miki albarka."

Ni ma ban san me na ɓata ba.

Laraba, da rana

Ya ƙi kallona. Na kawo abinci ya juya kai, Auta ta karɓa ya ci. Ban taɓa jin daɗin gaba irin wannan ba.

Alhamis, da hantsi

Mai Agogo ya zo gida. Na nuna masa gwangwanin. Wannan karon salatin ya yi, mai tsawo.

"Maman Auta, wa ya aike ki? Na ce miki abin da rana ta taɓa! Rana tana shiga aljihun tebur ne?"

Ashe Tsohuwa ta gaskiya karkatacciyar matakala gare ta. Wata babbar mota ce ta goge ta a mararrabar titi da layin dogo tun Baban Auta yana sabon direba, ba a taɓa gyarawa ba. Mariƙin ƙofar ya lotsa saboda wani abokin aikinsa mai jiki da ke rataya a kai. Ƙahon kuma reshen bishiya ne ya dunƙufar da shi. Masu zuba rezin sun zuba komai a miƙe, kamar sabon jirgi.

"Shi kuma ba sabo yake so ba, nasa yake so. Watanni ya yi yana tsomawa yana lanƙwasawa da hannu, kaɗan-kaɗan, yana kashewa a ruwan sanyi, har suka zauna yadda ya san su. Ke kuma da tsoma ɗaya kin mayar da su gidan jiya."

Na ce to a duba hoto mana a sake. Ya ce duk hotunan da ke akwai ta ɗaya gefen aka ɗauka. An daɗe da yanka Tsohuwa an sayar da ƙarfen. Karkatar matakalar nan babu inda ta rage a duniya sai cikin kan Direba.

Bayan ya tafi na tsaya a gindin matakalar gidanmu. Tun da na auri mutumin nan, in zai hau bene sai ya karkata ƙafar hagu ya taka takin farko a gicciye. Na yi masa tsiya a kai har na gaji. Ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Juma'a, da yamma

Na tafi da filas na ruwan zafi, kofi biyu, da hantsaki. Nas ta ce ba a shiga da irin wannan, Malamar Baki ta ce magani ne.

Na ja kujera ta hagunsa na ce, "Baban Auta, na yi laifi. Zan mayar, amma ban san yadda suke ba. Sai ka gaya mini."

Bai kalle ni ba. Na tsoma ƙahon, ya yi laushi, na danna shi sama da ɗan yatsa. Ta gefen ido yake kallo, na sani. Ya yi gurnani. Na ƙara dannawa sama.

"Ƙa... ƙasa."

Na danna ƙasa.

"Ƙara."

Na ƙara. Ya ɗaga hannu, na jefa a na sanyi. Ya karɓa ya duba, ya ture mini shi. Bai yi ba. Muka sake. Goshinsa duk gumi, kowace kalma sai ya haƙo ta kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, amma yana haƙowa. Malamar Baki ta mayar da katunanta jaka.

Asabar, da yamma

Kalmominsa na yau: Ƙasa. Ƙara. Baya. A'a. Wauta. Wannan ta ƙarshen sabuwa ce, kuma ni aka yi wa.

Litinin, bayan la'asar

Ƙaho ya zauna, mariƙi ya zauna. Yau muka gama matakala. Ta ba mu wuya, don lanƙwasa biyu ce a wuri guda, ciki da gefe, kuma rezin ba ya jira, kana ɗagowa yana fara sandarewa. Da na yi ta ƙarshe ya riƙe ta a tafin hannu yana dubawa. Sai na ga ƙafarsa ta hagu ta motsa a ƙarƙashin bargo, ta karkata.

Ya ce, "Haka."

Na kalli abin nan da bai kai farcena ba. Jirgi guda ya shuɗe, an narkar da shi, amma ga takinsa a hannun mutumin da aka ce ba a san ko yana nan ba.

Auta ta ce a bar ɗakin jirgi yadda yake, a sa gadon a falo.

Talata, da yamma

Bai ce komai ba. An dawo da katin kyanwa, ya koma kallon bango.

Laraba, da yamma

Yau ma. Na yi masa hira, na yi masa tsiya, na ba shi labarin maƙwabta. Yana ji, na ga yana ji. Maganar ce ke masa ciwo, kuma yanzu babu abin da ya kai ya sha wannan ciwon dominsa. Likita ya ce in ba a ci gaba da motsa harshen yanzu ba, abin da aka samu zai iya komawa.

Alhamis, bayan la'asar

Na ce bari in wanke matakalar kafin fenti. Hantsakin ya kuɓuce mini daidai kan kofin ruwan zafi. Tsautsayi.

Ta miƙe sambal muna kallo. Ya yi ihu har na gadon kusa ya farka. Mun yi aiki har aka kori masu ziyara, kuma na samu sababbin kalmomi, ciki har da wata da ba zan rubuta ba.

Juma'a, da safe

Na kira Mai Agogo na tambaye shi sau nawa rezin ke jure tsomawa. Ya ce yana gajiya, in aka yawaita wata rana zai karye a hannu, kuma ba a sayar da matakalar ita kaɗai. Ya ce me ya sa nake tambaya. Na ce, "Iye?" na kashe waya.

Ina tsoro. In ta karye, na karya masa abin da ba ni da hanyar mayarwa. In na bar ta lafiya, ya yi shiru.

Asabar, da yamma

Jiya mun sake kai ta daidai. Yau na zuba ruwa a kofi, na ɗauko ta da hantsaki, na fara 'yan kame-kame wai akwai ƙura a jiki. Hannuna ya kai kan kofin ke nan sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Ban san hagunsa na da ƙarfi haka ba.

Ya kalle ni cikin ido. Bakin ya yi ta aiki kafin ta fito.

"Da... gangan."

Na ji kunya ta rufe ni, sai kuma haushi ya biyo baya. Na ce, "Eh, da gangan. Ka kai ni ƙara. Na gaji da magana da bango, Baban Auta. In ba ka yi mini faɗa ba, wa zai yi?" Na gaya masa abin da Mai Agogo ya ce, cewa tana iya karyewa, don kada ya ce na ɓoye masa.

Ya daɗe yana kallona. Ya saki hannuna. Ya zare matakalar daga bakin hantsakin da yatsu biyu, ya ɗaga ta ya duba karkatarta ta kowane gefe, a hankali, kamar mai sallama da baƙo. Sai ya kai ta kan kofin da kansa ya saki.

Muka sunkuya mu biyu, kanmu har yana gugar juna, muna kallonta tana sakin jiki tana miƙewa.

Rabin bakinsa mai aiki ya ɗaga sama. Ya tura mini hantsakin ya ce, "Sake... sarkin gyara."

Kafin in gama share ido ruwan ya huce, sai da na je na roƙi nas ta ɗora mana wani.